Kai Ba Ɗan Kallo Ba Ne a Ikilisiya

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Mahaifiyarka tana gaishe ku da kyau.

Bayan haka, saƙonka ya iso. Ka ce dattawan ikilisiyarku sun roƙe ka ka karɓi ajin masu shirin baftisma, kai kuwa kana nonnoƙewa, wai ba ka shiga makarantar tauhidi ba, ba a naɗa ka ba, kai mamba ne kawai. Can ƙasa kuma ka ce waɗansu matasa suna ƙulla yadda za a tsige dattawa biyu, suna neman ka sa hannu. Ka kawo su kamar magana biyu, alhali jijiyarsu ɗaya ce: mene ne matsayin mai bi wanda ba a ɗora masa hannu ba? Ikilisiyar farko ta sha fama da wannan tambaya, ta kuma bar mana rubuce-rubucenta. Wannan "kawai" da ka liƙa wa kanka ita ta hana ni amsa maka ta waya. Nemi wuri ka zauna, ka karanta a tsanake.

Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, a harshen kuwa jama'a ita ce "lawos". Yahudawan Iskandariya ta Masar, da suka fassara littattafan Musa zuwa Helenanci wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu, wannan kalma suka fi ba Isra'ila, jama'ar da Allah ya keɓe wa kansa. A Fitowa 19:6 Allah ya ce wa jama'ar nan gaba ɗayanta za ta zama masa mulkin firistoci da al'umma mai tsarki. Bitrus ya ɗauko maganar ya ɗora ta a kan masu bi da ke warwatse a Fontus da Galatiya da Kafadokiya da Asiya da Bitiniya. Karanta wasiƙar ka ga su wa ke cikinsu: barorin gida masu shan wuya a hannun iyayengiji, da matan da mazansu ba su ba da gaskiya ba. Su ya kira zaɓaɓɓiyar kabila, firistocin Sarki, ya ce dā su ba jama'a ba ne, yanzu kuwa su ne lawos na Allah (1 Bitrus 2:9-10). Bitrus kansa yana cikin wannan jama'a, bai tsaya a kanta ba.

Akwai wata kalma kuma da ta fi ban mamaki. "Kileros" ƙuri'a ce, ko rabon da ƙuri'a ta ba mutum, irin wadda ta faɗa kan Matiyas a Ayyukan Manzanni 1:26. Daga baya ita ta zama sunan rukunin naɗaɗɗu a harsunan Turai. Amma a 1 Bitrus 5:3, inda aka gargaɗi dattawa kada su yi wa waɗanda ke hannunsu mulkin danniya, garken ne aka kira da wannan kalma. Tumakin su ne rabon. Ka kuma bi Sabon Alkawari daga Matiyu har Wahayi, ba za ka sami inda aka kira wani shugaban ikilisiya firist saboda muƙaminsa ba. An kira firistocin Haikali haka, da firist na gunki a Listira, da Almasihu a Ibraniyawa, sai kuma dukan fansassu a Wahayi 1:6 da 5:10.

Shugabanni kam akwai su tun farko. Bulus ya gai da masu kula da ikilisiya da dikinoni a Filibi, ya jera wa Timoti sharuɗɗan zaɓensu, Ibraniyawa 13:17 kuma ta ce a yi musu biyayya domin za su ba da lissafin rayuka. Sai dai Afisawa 4:11-12 ta faɗi abin da aka ba da su dominsa: su shirya tsarkaka don aikin hidima. Wato hidimar ta jama'a ce, shugaba mai wasa musu kayan aiki ne.

Dubi yadda aka warware rikicin farko, a Ayyukan Manzanni 6. Masu jin Helenanci sun yi gunaguni ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Manzanni suka tara dukan almajirai, suka yanka adadi, mutum bakwai, suka faɗi sharaɗi uku: kyakkyawar shaida, cikar Ruhu, da hikima. Jama'a ta zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗora hannu. Ka lura, duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, wato aikin ya koma hannun ɓangaren da ya koka. Da aka kashe Istifanas tsanani ya tashi, kowa ya watse ban da manzanni, waɗanda suka watsen kuwa su suka yi ta shelar Magana. Mutanen Kubrus da na Kurane da suka fara yi wa Helenawa bishara a Antakiya, ko sunayensu ba a rubuta ba, a can kuma aka fara kiranmu Kirista. Afolos masani ne mai baki, amma masu ɗinkin tanti biyu, Akila da matarsa Firiskila, su suka ja shi gefe suka gyara masa koyarwa.

Kalmar "layikos", wadda ke nufin mutum na cikin jama'a marar muƙami, babu ita a Sabon Alkawari ko sau ɗaya. Inda ta fara fitowa a rubutun Kirista shi ne wasiƙar da ikilisiyar Roma ta aika wa ta Koranti wajen shekara ta 96, wadda ake dangantawa da Kilemen, wani shugaban ikilisiyar Roma. Dalilin wasiƙar kuwa kamar an ɗauko shi daga saƙonka: waɗansu ƙalilan sun tayar da kayar baya sun tsige dattawa. Kilemen ya kawo misalin Haikali, ya ce babban firist yana da aikinsa, firistoci suna da wurinsu, Lawiyawa suna da hidimarsu, mutumin cikin jama'a shi ma akwai ƙa'idodin da suka ɗaure shi. Bai ce ba shi da aiki ba. Cewa ya yi kowa ya yi wa Allah hidima a nasa layin, kada ya ƙetare iyaka. A wasiƙar nan kuma ya ce an naɗa dattawan ne da yardar dukan ikilisiya, saboda haka zunubi ne a fitar da wanda ya yi hidima ba tare da aibi ba. Riƙe maganganun nan biyu tare, zan komo kansu. Abu ɗaya kuma kada ya rikita ka: "dattijo" a bakin marubutan nan naɗaɗɗe ne, daga muƙaminsa limamin ikilisiya ya samo asali, ba lalle ya yi daidai da dattawan da kuke zaɓa yau ba.

Wani ɗan littafin koyarwa na wajen wannan zamani, Didake, wanda aka gano kwafinsa a Istanbul a 1873, ya nuna irin nauyin da ke kan jama'a. Ya ce musu su zaɓa wa kansu bishop-bishop da dikinoni, masu tawali'u, marasa son kuɗi, waɗanda aka gwada. Ya ba su ma'aunin baƙon mai wa'azi: ya kwana ɗaya, in da bukata biyu, in ya kai uku annabin ƙarya ne. In zai tafi a ba shi gurasar da za ta kai shi masauki na gaba, in ya roƙi kuɗi annabin ƙarya ne. Baƙon da ke son zama kuwa, in yana da sana'a ya yi aiki ya ci. Ignatiyus, bishop na Antakiya, da ake tafiya da shi Roma a ɗaure wajen shekara ta 110, ya ja igiyar ta ɗaya gefen. Ya rubuta wa mutanen Simirna kada a yi baftisma ko cin abincin zumunta ba da sanin bishop ba. Yana da dalili: masu koyar da cewa Almasihu bai ɗauki jiki na gaske ba suna ware mutane suna taronsu dabam. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yustin, malamin falsafa da ke koyar da bangaskiya a Roma ba tare da wani muƙami ba har aka kashe shi wajen 165, ya bayyana sujadar Lahadi ta zamaninsa. A karanta rubutun manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, mai shugabanta ya yi gargaɗi, kowa ya miƙe a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, mai shugabanta ya yi godiya iyakar iyawarsa, jama'a ta amsa da Amin. Yustin ya tsaya ya fassara wa masu karatunsa wannan kalma, don a wurinsa Amin sa hannun jama'a ce a kan addu'ar. Sa'an nan dikinoni su rarraba, su kai wa waɗanda ba su zo ba, masu hali su ba da abin da suka ga dama don marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Wani maƙiyin bangaskiya mai suna Selsus, wajen 178, ya yi ba'a cewa masu aikin ulu da dukawa da masu wanki ne ke yaɗa ta cikin gidaje. Zagi ya nufa, amma ya bar mana shaidar wa ke aikin. Wajen shan wuta ma haka. Bilandina da ta ba masu azabtarwa mamaki a Liyon, a Faransa ta yau, a 177 baiwa ce. Farfetuwa da Filisita da aka kashe a Kartaj a 203, 'yan ajin baftisma ne lokacin da aka kama su.

Wajen shekara ta 200 ne rabuwa tsakanin naɗaɗɗu da sauran jama'a ta fara samun suna. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya ari kalmomin mulkin biranen Roma, inda akwai majalisar manya da kuma talakawa, ya kira naɗaɗɗu "ordo", sauran kuma "filebs". Amma shi ɗin ne ya yi tambayar nan: ashe mu marasa naɗi ba firistoci ba ne? Ya ce inda mutum uku suke, ko duka marasa naɗi ne, akwai ikilisiya. Game da baftisma ya jera abin daki-daki: haƙƙin na bishop ne, sai dattawa da dikinoni da izininsa, marar naɗi kuma in larura ta matsa, kamar mutum yana bakin mutuwa. Abin da masu son ɗauko maganarsa ke tsallakewa shi ne dalilin da ya sa ya yi ta. Nauyi yake ɗora wa jama'a. Ya ce in kana da haƙƙin firist, sai ka ɗauki horon firist. Har ya tsawata wa masu cewa "duk ɗaya muke" ranar da suke jayayya da shugabanni, su kuma janye jiki ranar da aka nemi su yi zaman tsarki irin na shugabannin. Hukuncin da ya gina a kan wannan, na hana aure na biyu bayan mutuwar abokin zama, ya wuce abin da Bulus ya faɗa, ikilisiya ba ta bi shi ba. Tsawatawar kuwa tana nan daram, ka karanta wa abokan naka ita.

Maganar ko marar naɗi zai iya koyarwa, an yi ta a kan Orijen. Yana ɗan shekara 18 aka damƙa masa koyar da masu shirin baftisma a Iskandariya. Da ya je Falasɗinu, bishop na Urushalima da na Kaisariya suka sa shi ya yi wa'azi a taron ikilisiya tun ba a naɗa shi ba. Bishop ɗinsa, Dimitiriyas, ya rubuto cewa ba a taɓa jin marar naɗi ya yi wa'azi gaban bishop ba. Suka amsa masa cewa ba haka ba ne, suka lissafa garuruwa uku, Laranda da Ikoniya da Sinnada, inda bishop-bishop suka gayyaci irin waɗannan mutane don amfanin 'yan'uwa. Dubi yadda abin ya tsaya: Orijen bai hau mumbari da ƙarfin kansa ba, kiransa aka yi. Kai ma kiranka aka yi.

Yanzu ga abin da ya shafi ajinka kai tsaye. Akwai littafin tsarin ikilisiya da ake kira Al'adar Manzanni, wanda aka daɗe ana dangantawa da Hifolitus na Roma na wajen 215, ko da yake masana na yanzu suna ganin an tattara shi ne daga wurare dabam-dabam. Ya ce sabon zuwa ba ya zuwa shi kaɗai, wanda ya kawo shi zai tsaya masa shaida. A tambaye shi abin da ya kawo shi, da yanayin aurensa, da sana'arsa. Mai sassaƙa gumaka, da mai gidan karuwai, da boka, da mai duba, da mai faɗan nishaɗi a filin wasa, ko su bari ko a sallame su. Soja kada ya yi kisa. Malamin yara, saboda tatsuniyoyin gumaka da ke cikin karatun, gara ya bari, amma in ba shi da wata sana'a a ƙyale shi. Shekara uku ake sauraron Magana, sai dai mai himma ba a auna shi da kwanaki, da halinsa ake auna shi. Bayan kowane darasi 'yan aji su yi addu'a su kaɗai, malami ya ɗora musu hannu ya yi musu addu'a ya sallame su. Littafin ya ƙara da cewa haka malamin zai yi, ko naɗaɗɗe ne ko marar naɗi. Ga amsar nonnoƙewarka nan, rubutacciya tun ƙarni na uku.

In lokacin baftisma ya matso sai a sake bincike, tambayoyin kuwa ba na hadda ba ne: sun yi zaman kirki? Sun girmama gwauraye? Sun gai da marasa lafiya? Waɗanda suka kawo su ne ke amsawa. Ranar Alhamis su yi wanka, Jumma'a su yi azumi, daren Asabar a kwana ana karatu da koyarwa, da carar zakara a gangara ruwa, yara tukuna, sai maza, sai mata. Tambaya uku, a kan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kowace amsa da nutsarwa ɗaya. Sai shafa mai, sa'an nan a karo na farko su yi addu'a tare da jama'a su ci Jibin Ubangiji. A Tsohon Alkawari firistoci da sarakuna ake shafa wa mai. Shi ya sa daga baya Jerom, malamin da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya ce firistancin marar naɗi shi ne baftisma.

Ba na ce ka kwafi shekara uku ba, bi tsarin ikilisiyarku. Ɗauki abu huɗu dai. Kowane ɗan aji ya sami wani balagaggen mai bi da ya san gidansa, zai kuma iya tsaya masa. Ka tambayi sana'ar kowa tun makon farko, a keɓe, don a nan gwaji yake: mudu, da rasit, da bashi. Kada ka miƙa sunan kowa ga fasto don ya haddace amsoshi alhali maƙwabtansa ba su ga canji ba, aji ya fi lalacewa ta wannan hanya, musamman in ana gaggawar cika adadi kafin wani biki. Kuma kada ka sallami aji ba ka yi wa kowa addu'a da sunansa ba. Baftismar kanta da Jibin Ubangiji ka bar wa wanda aka naɗa domin su.

To, me ya sa daga baya jama'a ta koma 'yar kallo? Yawa ne na farko. Gidan sujadar da aka tono a Dura, bakin Kogin Yufiretis, gidan zama ne da aka rushe bango ɗaya a cikinsa, ɗakin taron bai wuce na mutum 70 ba. A Roma kuwa, wajen 251, bishop Karniliyas ya lissafa dattawa 46, dikinoni 7, mataimakan dikinoni 7, masu rakiya 42, masu fitar da aljanu da masu karatu da masu tsaron ƙofa 52, da gwauraye da mabukata sama da 1,500 da ake ciyarwa. Karatu da tsaron ƙofa, da kowa ke iya yi dā, sun zama matakan muƙami. Na biyu, aka fara kwatanta naɗaɗɗu da firistoci da Lawiyawan Haikali, jama'a kuma ta zama mai kawo musu abin zaman gari. Wani littafin tsari daga Suriya, Didaskaliya, ya shata wurin zama: kujerar bishop a gabas, dattawa kewaye da shi, sai maza, sai mata. Ya ce wa jama'a su kawo baiko, kada su nemi lissafi daga bishop. A nan ya kauce wa Bulus, wanda a 2 Korantiyawa 8:18-21 ya tafi da gudummawa tare da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi. Ba zan rage wa littafin haƙƙinsa ba: shi ne kuma ya ce in matalauci ya shigo babu wuri, bishop ya nema masa wuri ko da shi zai zauna a ƙasa.

Na uku shi ne tsanani. A 250 sarkin Roma Desiyus ya sa kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. Da yawa suka faɗi. Waɗanda suka sha ɗauri suka tsaya sai suka shiga ba faɗaɗɗun takardun sulhu barkatai, wata takardar ma ta ce a karɓi wane da mutanensa, ba suna ba adadi. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya taka wa abin birki ya mai da hukunci hannun bishop. Amma shi ɗin ne ya rubuta cewa tun ranar da ya hau kujera ya ƙudura ba zai yi kome ba sai da shawarar dattawa da yardar jama'a. Da ikilisiyoyin Sifaniya suka tambaye shi game da bishop biyu, Basilides da Marsiyal, da suka karɓi takardar gumaka, ya ce jama'a tana da ikon zaɓen shugaba nagari da ƙin marar cancanta, a kuma yi zaɓe a gaban jama'a domin ita ta san zaman kowa.

Na huɗu shi ne gata. Daga 313 sarkin Roma Kwanstantin ya ɗauke wa naɗaɗɗu wajiban hukuma masu nauyi, muƙami ya zama abin nema. Mutane suka kwararo, dogon ajin baftisma ya yi ta raguwa. Majalisar Lawudikiya, a ƙarni na huɗu, ta ce kada a bar zaɓen firistoci a hannun taron jama'a. Ta 692 a Kwanstantinoful ta hana marar naɗi koyarwa a fili da shiga wurin bagade, in ban da sarki. Duk da haka muryar jama'a ba ta mutu nan take ba. A 374 mutanen Milan suka dage sai gwamnansu Amburos, wanda ko baftisma bai yi ba, cikin kwana takwas ya tashi daga ruwa zuwa kujerar bishop. A Habasha kuwa, Furumentiyus na Taya, da aka kama yana yaro aka kai fadar Aksum, shi ya tara fataken Kirista suna addu'a tun babu limami ko ɗaya a ƙasar. Da ya je Iskandariya roƙon a aiko da bishop, Atanasiyus, bishop na birnin, ya naɗa shi ya mai da shi Aksum. Agustin, bishop na Hifo a Arewacin Afirka, ya ce wa mutanensa domin su shi bishop ne, tare da su kuma shi Kirista ne, ya kuma ce wa masu gida su yi aikin bishop a gidajensu. Yohanna mai bakin zinariya, shahararren mai wa'azi da ya zama bishop na Kwanstantinoful, ya ce mai iyali da ke cikin kasuwa ya fi mai zaman zuhudu bukatar karanta Littafi, don shi ke tsakiyar yaƙi.

Sai maganar tsige dattawa. Ka ga magabata biyu: Kilemen ya ce a mai da waɗanda aka tsige, Sifiriyan ya ce a rabu da waɗanda suka faɗi. Ba saɓani suka yi ba. Dattawan Koranti ba su da aibi, bishop-bishop na Sifaniya laifinsu a fili yake, an kuma tabbatar. Saboda haka kafin ka sa hannu a kome, tambayi matasan nan: mene ne laifin, a faɗe shi da jimla ɗaya, da rana da wuri? Shaidu nawa suka gani da idonsu? 1 Timoti 5:19 ta ce kada a karɓi ƙara a kan dattijo sai da shaida biyu ko uku. An je an same su a keɓe, sa'an nan da mutum ɗaya ko biyu, kamar yadda Matiyu 18 ta tsara? An kai wa majalisar da tsarin ikilisiyarku ya ba ikon sauraro? In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, janye hannunka, ka kuma gaya musu dalili a fuskarsu. In duka sun cika kuma laifin gaskiya ne, kada ka yi shiru don kunyar furfura, aya ta gaba ta ce a tsawata wa mai zunubi a gaban kowa. Abin da ke ɓata irin wannan tafiya shi ne a fara da taron dare da saƙonnin waya kafin wanda ake zargi ya ji, daga nan ko an yi gaskiya ikilisiya ta riga ta rabu gida biyu. Kilemen ya ce mai daraja a cikin masu rikici shi ne wanda zai ce, in saboda ni ne ake wannan tsaguwa zan tafi, garken Almasihu dai ya zauna lafiya.

In kuwa tushen ƙorafin kuɗi ne, kamar yadda na hango daga maganarka, maganinsa tsari ne, tsigewa ba za ta warkar da shi ba. Ku nemi a riƙa ƙirga baiko nan take bayan sujada, mutum biyu ko uku waɗanda ba dangin juna ba, a rubuta a littafi kowa ya sa hannu, mai ƙirgawa dabam da mai ajiya, a kuma karanta wa jama'a rahoto a lokacin da aka tsayar. Wannan yana kāre dattijo mai gaskiya fiye da kowa. Ka kawo shawarar a taron mambobi da ladabi, ka kafa ta da 2 Korantiyawa 8.

Ka ba dattawa amsarka kafin Lahadi mai zuwa. Ka roƙi fasto ya zauna a darasinka na farko da na biyu ya gyara maka, ka kuma sayi littafin rubutu ka riƙa shirya kowane darasi tun tsakiyar mako. Ka fara gwada shi a gida da yaran bayan abincin dare, inda suka yi shiru suna kallonka, nan ne ba ka bayyana ba. In kun zo Kirsimeti ka taho da littafin mu duba tare.

Ka gai da maiɗakinka da jikokina. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ne,
Mahaifinka